Ƙafar Yaya Tukur a Hannun Mode

Ƙarfe bakwai ba ta cika ba Malam Mode ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin wankin miki. Daga Runjin Sambo yake tasowa, kuma masu gadin asibitin sun ce da shigowarsa suke sanin lokacin tashinsu ya yi. Yana buɗe ƙofa sai ya bi tagogi huɗun nan ya wangale su, don warin jiya ya fita kafin na yau ya iso. Ya zuba almakashi da hantsaki da 'yan wuƙaƙensa a tukunyar dafa kayan aiki, ya yayyanka bandeji, ya jera robobin ruwan gishiri, ya wanke hannu har gwiwa. Sannan ya jawo kujerarsa 'yar tsugunno ya zauna. Shekara talatin da biyar ya yi a kan wannan kujera, ƙasa da kowa, fuskarsa daidai da ƙafafun mutane.

Na ce Malam Mode ne don ni ke riƙe da alƙalami. A asibitin ba mai ce masa malam. Mode Mahauci suke ce masa, daga majinyata har ma'aikata, wasu a bayan idonsa, wasu a gabansa suna dariya. Ba likita ba ne, ba nas ba ne. Da shara ya fara, aka lura shi kaɗai ne ba ya toshe hanci in an kwance tsohon gyambo, sai aka tura shi wani ɗan kwas na wata shida aka sakar masa ɗakin. Ranar Alhamis da ta wuce ya ajiye aiki. Ba taro, ba jawabi, ko ruwan leda ba a sha don shi ba. An ce ya miƙa makulli da rigar aiki, ya miƙa.

Bari in faɗi abin da ya zaunar da ni rubutu tun yanzu, kada a zaci suna nake nema da yabon talaka. Yayana Tukur ƙafa ɗaya ta rage masa a duniya. Akwai miki a tafinta, bai rufe ba tukuna, kuma Yaya ya rantse a gaban iyalinsa cewa in ta kai ga yanka, a bar shi ya tafi kabari da abarsa. Duk wanda ya san Yaya ya san ba ya rantsuwar wasa. Wata biyar ke nan wannan ƙafa tana hannun Mode.

Ga yadda yake aiki, ga kuma inda sunan Mahauci ya samo asali. In ka miƙa masa ƙafa, ba mikin yake fara dubawa ba. Yatsu biyu zai ɗora a gadon ƙafar, ya koma bayan idon sawu, ya yi shiru yana neman bugun jini. In bai ji ba, ba ya taɓa wuƙa. Sai ka ji ya ce, "Wagga ba tawa ba ta, ta likita ta," ya sa a kira likita, don ya san ƙafar da babbar hanyar jininta ta toshe kankarewa ba ta ƙara mata komai sai ɓarna. In kuwa ya ji bugun, to ka shirya. Zai sunkuya ya shinshina, sannan ya bi baƙin ɓawon nan da ka yi wata guda kana murnar ya bushe, ya ɗaye shi. Ya kankare mataccen naman da ke ƙasa, ya fere kantar da ta taru a gefe, ba ya tsayawa sai jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo. Ka zo da miki kamar kwabo, ka koma gida da wanda ya ninka shi, a jiƙe, a lulluɓe. Kuma ya bi ka da gargaɗi har bakin ƙofa: kada ka shanya shi, kada ka zuba masa sifirit, kada ka fasa kafso ka barbaɗa masa garin.

Mu kuwa a garin nan abu ɗaya muka sani, miki in ya bushe ya warke. Da wannan aka raine mu. Uwa ta kwance wa ɗanta ciwo ta zaunar da shi a rana, maƙwabci ya kawo kafso ja da rawaya, mai kemis ya ba da ruwan nan mai kumfa, kowa ya ga ɓawo ya ce alhamdu lillahi. To wane ne wannan baƙauyen da zai zo ya tada abin da ya kwanta?

Ku tambayi Sa'ad mai keke, wanda ke lodi a Sama Road. Salansar babur ta ƙone masa ƙwauri, ga ciwon sukari, ya yi wata takwas yana fama har an sa masa ranar shiga tiyata. Mode ya bi likita har bakin mota yana roƙon a ba shi mako uku. Sa'ad da bakinsa ya ce mini, "Wallahi Alhaji, ranar hwarko zagi nay yi mai na uwa da uba. Ko kai bai ɗaga ba. Cewa yay yi in dawo jibi." Yau da wannan ƙafar Sa'ad ke taka birki. Ku tambayi Ummulkhairi mai ƙosai, wadda mai ya kife mata a ƙafa, 'ya'yanta suka daina cin abinci a ɗakinta saboda wari. Ta ce abin da ba za ta manta ba, ba warkewar ba ce ma. Ta ce tunda ciwon ya lalace, Mode ne mutum na farko da ya kwance shi bai kau da fuska ba. Irin waɗannan in na ce zan jero su, takarda ba za ta ɗauka ba, kuma ba don su na zauna ba.

Yaya Tukur tela ne a Gawon Nama. Ya girme ni da shekara tara. Da mahaifinmu ya rasu shi ya bar makaranta ya hau keken ɗinki don ni in zarce, kuma na zarce har na zama darakta a wata ma'aikata, da direba da ofis mai sanyi. Ciwon sukari ya daɗe da kashe masa ji a tafin ƙafa. Shekara shida da suka wuce, wata Juma'a a tsakiyar bazara, ya makara bai sami cikin masallaci ba, ya cire takalmi ya taka siminti da rana ta gasa tun safe. Ya yi sallarsa ya dawo gida bai san komai ba. Matarsa ce ta ga tabarma ta ɓaci, ta ɗaga ƙafar hagu ta ga fata ta saluɓe. Aka yi na gida aka gaji, sannan aka kai shi wurin Mode.

Zuwa na uku ni na kai shi, da babbar riga da direbana a baya yana riƙe da jaka. Ban taɓa shiga ɗakin ba sai ranar. Na ga mutumin nan ya ɗaye ɓawon da muka yi ta murna da shi, na ga wuƙa tana shiga naman ɗan'uwana, na ga jini. Kaina ya yi zafi.

"Kai! Mi kaka yi haka? Mutum na ko akuya?"

Yaya ya ce, "Junaidu, zamna. Ni ban jin komi."

Ban zauna ba. Na ci gaba da faɗa, na tambayi takardar shaidarsa, na tambayi wa ya ba shi izinin riƙe wuƙa. Mode bai ɗago ba, hannunsa ma bai tsaya ba. Ya ce, "Alhaji, in ba ka iya gani, hita waje. Ƙahwatai nika yi ma aiki, ba idonka ba."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Direbana ya sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarsa tana motsi.

Shekara talatin na yi ina rubuta takardun gwamnati, na san yadda ake kashe mutum da shafi biyu ba tare da zagi ko ɗaya ba. Na fara da girmamawa. Na ce a matsayina na ɗan ƙasa mai kishi na ga ma'aikaci marar takardar shaida yana yanka naman majinyata, yana mai da ƙaramin ciwo babba. Na san wa za a aika wa, na san ofisoshi ukun da za a sa wa kwafi don kada wani ya iya dannewa. Kwana tara aka yi, aka ɗauke Mode daga ɗakinsa aka mai da shi wurin wankin zannuwan gado. Ba wanda ya kira mai ƙafar ya tambaye shi ko an cuce shi. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, ba tausayin Yaya ya sa ni ba. An ce mini in fita waje a gaban direbana, shi ke nan abin da ya faru.

Waɗanda aka kawo a madadinsa mutanen kirki ne, ba zan ɗora musu laifina ba. Sun ji abin da ya sami na gabansu, wa zai sake ɗaukar wuƙa? Suna gaishe ni da ranka ya daɗe, su zuba ruwa mai kumfa, su shafa shuɗin magani, su ɗaure. Miki ya bushe ya yi ɓawo mai kyan gani. Har na riƙa ce wa mutanen gida, kun gani ko? Ashe a ƙarƙashin ɓawon abin ci yake yi yana gangarawa ƙashi. A wata na huɗu zazzaɓi ya rufe Yaya, yatsu suka yi baƙi, wari ya cika gida. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Ba zan rantse cewa da Mode na nan da ba a yanke ba, wannan sanin na Allah ne. Amma na san abin da na cire daga tsakanin ɗan'uwana da wuƙar tiyata, da hannuna na cire shi.

'Yar Yaya ta fari, Lubna, tana karatun gwajin jini a wata jiha lokacin. Da ta dawo ta ga ubanta da sanda, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Asibitin ta tafi ta tambayi dalilin da aka canza mai wankin, wata babbar nas ta buɗe fayil ta nuna mata. Bayan la'asar sai ga ta a gidana. Gaisuwar ma a tsaye ta yi ta.

"Baffa, na ga sa hannunka."

Na fara kame-kame, na ce ai jini na gani, ai mutumin ba shi da ilimin abin.

Ta ce, "Jinin da kag gani shi na maganin. Zamna in gaya maka abin da kat tsayar."

Yarinyar da aka yi sunanta a gabana ta zaunar da ni ta yi mini karatu, kuma ga shi yadda na riƙe. Ta ce nama ba ya tsirowa inda jini bai kai ba. Kafin miki ya cike, sai jiki ya shimfiɗa sababbin hanyoyin jini a cikinsa, sirara, waɗanda ido ba ya ganin guda. Su kuma ba sa fitowa haka kawai, kiransu ake yi. A cikin fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, akwai wasu manya da ke isa wurin ciwo su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Wannan shi ne kumburi da zafin kwanakin farko. In wuri ya tsabtata, sai su sauya hali, su bar faɗa su koma gyara. Su da naman da iska ta yi wa ƙaranci sai su riƙa sakin wasu sinadarai, saƙo ke nan zuwa ga tsofaffin jijiyoyin jini da ke gefe. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bangon jijiya suna da inda suke karɓar wannan saƙo, in ya iso sai su tsiro, ɗaya a gaba tana bin inda saƙon ya fi ƙarfi, saura na biye, har su haɗu jini ya bi. Jan naman nan mai gudaji-gudaji da ke fitowa a miki, kamar cikin jar gwaba, su ne.

Ta ce a jikin mai sukari abin yakan cije a matakin farko. Masu tsaron nan ba sa sauya hali, kamar masu kashe gobara da ba a gaya musu wuta ta mutu ba, suna ta sheƙa ruwa har gini ya zube. Muddin akwai mataccen nama da dattin ƙwayoyin cuta a manne, faɗa za su yi ta yi, kuma abin da suke fesawa yana lalata saƙon kafin ya isa inda aka aike shi. Mai kankarewa yana kwashe abin da ya riƙe su ne, ya mai da tsohon miki sabo, sabon jini ya kawo sabon saƙo a sake farawa. Danshi kuma shi ke ba ƙwayoyin damar tafiya.

"Shi kau ruwan kumhwa da sihirit da kuka so," in ji ta, "ba su san na gida da baƙo ba. In an dinga zuba su kullum, har 'yan jijiyoyin da sunka hwara tsirowa suka ƙonewa. Kun ga ɓawo kun yi murna, Baffa. Lulluɓi na kunka yi ma ruɓa."

Na ce mata za ta gaya wa ubanta? Ta dube ni, irin duban da ban taɓa zaton ɗan cikinmu zai yi mini ba. Ta ce, "In yaj ji, wa za shi yarda shi kai shi asibiti? Kai ɗai gare shi. Riƙe abinka."

Wata goma sha huɗu Mode ya yi yana wanke zannuwan fitsari da jini. Ba don an gane an zalunce shi aka mai da shi ɗakinsa ba, a'a, an rasa mai iya zama da warin ne. Lubna ta je ta same shi, ta zauna a bencin majinyata ta gaya masa duk abin da littattafai suka ce a kan aikinsa, har da sunayen ƙwayoyin da na sinadaran. A cewarta, ya saurara har ƙarshe yana naɗe bandeji, sannan ya ce, "To, ashe suna da suna. Ni dai abin da nis sani, miki in ya tsuhwa jiki mantawa shika yi da shi. In nit tada shi, sai in ga an aiko ma'aikata." Abin da masana ke tashi ƙasa-ƙasa suna taro a kai, mutumin nan ya gane shi da ido da hanci a kan kujera 'yar tsugunno. Likitoci nawa suka ɗauki hoton mikin da ya warkar suka haska a bango a gaban manyansu? Ko sau ɗaya ba a ce ga mai hannun ba. Har lokacin, takarda ɗaya tak aka taɓa rubutawa da sunansa a sama, ita ce tawa.

Yaya ya ji cewa takarda wani ya rubuta, amma bai san ko wane ne ba. Ya sami ƙafar roba, ya koma kan kekensa yana takawa da dama kaɗai. Shekara shida, duk ranar da kututturen ya dame shi, sai ya ce, "Wanda duk yar rubuta takardag ga, ban yahe ba, duniya da lahira." A gabana yake faɗa. Wani lokaci ma ni yake juyowa ya ce, "Junaidu, kai da kas san mutanen ohis, ba ka iya gano min shi?" Ni kuwa in ce Allah ya kyauta, in tashi in ce zan yi alwala.

Wata biyar da suka wuce wani ƙarfe ya ɗago a matakin keken, ya yi ta gugar tafin ƙafar dama, Yaya bai ji ba sai da ya huda. Ranar ya yi rantsuwar da na faɗa. Ya ce kuma ba mai taɓa shi sai Mode. Ni na tuƙa shi, don yanzu na yi ritaya, ba direba ba babbar riga. Na shigar da shi ɗakin nan. Mode ya ɗago, ya gane ni sarai, na ga ya gane ni. Ya ce, "Alhaji, an zo lahiya? Zo riƙe min ƙahwag ga." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ina riƙe da dugadugin, Yaya ya ce, "Mode, wanda yar raba ni da kai wancan karo, Allah ya isa tsakanina da shi."

Mode yana kankara ya ce, "Malam Tukur, bar wagga magana, tana tada sukari."

Sau nawa aka maimaita wannan a wata biyar, ban ƙirga ba. Kalma ɗaya ta ishe shi ya rama, ga ni a durƙushe a gabansa, ga mai ƙafar yana tambaya. Bai taɓa ko kallona ba in ana zancen. Ya hana Yaya hawa keke, ya sami silifa mai kauri ya yanke rami daidai mikin don kada ya taɓa ƙasa, ya matsa mana sai da likita ya daidaita maganin sukarin. A mako na shida ya kira ni ya nuna mini da bakin hantsaki: jan nama ya fara tasowa daga gefe. Na ga abin da Lubna ta faɗa da idona, na fita waje na tsaya bayan dogon yaro na yi kuka kamar ba dattijo ba.

Na yi ƙoƙarin gyara ɓarnata, kada a ce ban yi ba. Da na ji ritayarsa ta matso, na rubuta wata takardar na janye ta farko, na kai da kaina. Sai na tarar mai kula da fayil ɗin wani ne da ya fara aiki a ƙarƙashina. Ya buɗe ya nuna mini: sau uku ana kawo sunan Mode don ƙarin girma, sau uku ana jan layi a ƙarƙashin takardata. Na ce a cire ta. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai kai kak koya muna, abin da yash shiga hwayil ba shi hita." Ya karɓi sabuwar ya huda ya ɗaura a kan tsohuwar. Mode ya bar aiki a matakin da na same shi.

Yanzu yanar ido ta fara rufe masa idon dama, kuma zai koma ƙauyensu wajen fadama inda 'yan'uwansa ke noman shinkafa. Bai bar magaji a ɗakin ba, don ba a taɓa turo masa wanda zai koya ba, kowa gudun wurin yake. Mikin Yaya ya rage kamar farcen babban yatsa. Mode ya ce zai riƙa shigowa gari duk mako biyu ya duba, in akwai abin yankewa shi zai yanke. Amma wanki da ɗauri na kullum, sai a sami mai yi a gida. Matar Yaya hannunta na rawa, Lubna tana aiki nesa. A makonsa na ƙarshe ya miƙo mini safar hannu.

"Kai za ka yi."

Na ce, "Malam Mode, ni? Mi yas sa ni?"

Ya ce, "Kai ka hi kowa son ta warke."

Kwana biyar yana tsaye a kaina. Yadda zan wanke hannu, yadda zan jiƙa tsohon bandeji kafin in ɗaga don kada in fizge sabon nama, launin da in na gani zan yi hamdala da launin da in na gani zan ɗauki Yaya sai asibiti ko takalmi ban sa ba. Da na yi garaje ya buge mini hannu, darakta guda, na ce na gode.

Malam Mode, kai ne ka zauna ƙasa da kowa shekara talatin da biyar, mutane suka tashi da ƙafafunsu suka tafi ba su waiwayo ba. Kai ne aka zaga da safe ka ce a dawo jibi. Kai ne na tura wankin zannuwa, ka dawo ka riƙe sirrina fiye da yadda na riƙe amanar ɗan'uwana. Mode, mai hannun da bai san ƙyama ba. Ba ni da lambar girma da zan ba ka, waɗanda ke da ita kuma ba su san hanyar ɗakinka ba. Na gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa abin da ka shaƙa na wari ya zama nauyi a mizaninka. Ban ce ka yafe mini ba, don na ga alama ka daɗe da wuce wurin, ni ne aka bari a tsaye.

Ku kuma matasan da ke karatun jinya, mutumin nan yana raye, ƙauyensu ba nisa, ku je ku durƙusa kusa da shi tun idonsa na gani. Masu jinyar mai sukari a gida, ku duba masa tafin ƙafa kullum, in kun ga ciwo ku kai asibiti, ku bar murnar ɓawo. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki reza, aikin masu shi ne. Ire-irena kuwa, masu iya jera kalmomi da sanin inda ake sa kwafi, in ƙaramin ma'aikaci ya ce ku fita waje, ku fita. Ba abin da zai ragu a jikinku.

Saura magana ɗaya. Yaya ba ya karanta boko sosai, Lubna ke karanta masa abin da ya shafe shi ta waya. Na aika mata wannan, na ce ta karanta masa duka, kada ta tsallake layi ko ɗaya. Ta ce in bari sai mikin ya rufe. Na ce na gaji. Kullum da safe ina durƙushe ina ɗaure masa ƙafa, shi kuma yana dafa kaina yana cewa Allah shi yi maka albarka Junaidu, ba ni da kamarka, sannan ya juya ya ja Allah ya isa ga mai takarda. Ba zan iya ci gaba da karɓar biyun daga baki ɗaya ba.

Yaya, ni ne. Ni na rubuta.

Gobe ƙarfe bakwai zan zo da ruwan gishiri da bandeji kamar kullum, don mikin bai san abin da ke tsakaninmu ba, kuma in ya kwana biyu ba wanki zai koma baya. Ka zage ni, ka tsine mini, ka hana ni zuwa jana'izarka in ka ga dama. Amma don Allah, Yaya, ka miƙo ƙafar.